Watan da Dabo Ya Ajiye a Rumbu

"Lafiya lau, ba don halinka ba. Gajiya kuwa ba zan tambaye ka ba, don ban ga aikin da mai zaman inuwa yake yi da zai gaji ba."

Haka Dabo ya amsa gaisuwar Abdussalam, tun bai gama kafe babur ɗinsa a ƙofar shagon ba. Hantsi ne na ranar Juma'a a bakin titin Minjibir, lokacin da gero ya shiga rumbu, gyaɗa kuma tana shanye a kan daɓe. Wanda bai san su ba zai ce rigima ce ta kawo mutumin. To, rigimar ce, amma irin tasu. Taubasai ne, uban Dabo da uwar Abdussalam ciki ɗaya suka fito. Dabo ɗan namiji ne, saboda haka a al'adar gidansu shi ne ubangida. Abdussalam ɗan mace, shi ne bawa, wanda duk watan Cika-ciki yake zuwa da 'yan tsinkayen tsintsiya ya goga sau biyu a ƙofar Dabo, ya miƙa hannu a ba shi kuɗin shara. Yanzu furfura ta leƙo su duka, amma har yau ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi a gaban mutane.

Abdussalam dish yake sayarwa, da risiba da rimot da wayoyin haɗi, yana kuma biya wa mutane kuɗin tashoshi ta wayarsa. Bai ko tashi daga kan bencinsa ba.

"Ranka ya daɗe, ubangida. Wace iska ce ta kwaso ka daga jeji? Ko akuyar ce ta haihu aka zo mana da albishir?"

"Ɓarawo na zo kamawa."

"To ka yi ɓatan kai. Ofishin 'yan sanda yana can gaba, ka ƙarasa ka miƙa kanka."

Dabo ya kwance wata roba mai murfi daga bayan babur, ya dire ta a kan tebur kamar mai kawo shaida gaban alƙali. Da ya buɗe, sai ƙamshin busasshen ganyen darbejiya ya tashi. Ya yaye ganyen, ya fito da wani ƙunshi a cikin tsohon rawani, ya warware shi a hankali. Ga dikodar dish mai biyan wata, ga kuma ɗan akwatin nan baƙi da ake haɗawa da talabijin ya riƙa kamo kallo ta intanet. Ko ƙura babu a jikinsu.

Sai a koma baya kaɗan, don a san abin da ya sa manomi kamar Dabo, wanda ko goro sai ya raba shi gida huɗu, ya sayi waɗannan kaya. A ƙauyensu akwai wani zaure babba da kakansu, marigayi Malam Abdulrashid, ya gina. A zamanin Malam, zauren nan ba ya rabuwa da mutane. A nan ake karatu, a nan ake sulhu, a nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya sayar da sa. Da gidan ya dawo hannun Dabo, bai bari wutar ta mutu ba. Wata shekara da gyaɗa ta yi albarka, shi ya fara kafa dish a ƙauyen, irin na tashoshin kyauta, ya ɗora sola a kan rufin. Bayan la'asar takalma a ƙofar zauren nan sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ana nan sai Hashimu mai shagon kayan masarufi ya sa dikoda mai biya a rumfarsa. Samari suka fara zamewa, saboda ƙwallo. Dattawa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, don ba mai son zama inda babu hayaniya. Dabo ya wayi gari shi kaɗai a zaure, shi da butar shayinsa. Abin ya ci masa rai matuƙa, amma ko matarsa bai gaya wa ba.

Shi ne a ƙarshen bazara ya sayar da ragowar wakensa, ya zo wurin Abdussalam ya sayi dikodar da akwatin, ya biya wa kowannensu wata guda. Abdussalam da kansa ya je ya haɗa, ya kuma gaya masa wata ɗaya ne fa. Dabo ya ce ya ji. Washegari ruwan shuka ya sauka. Dabo ya duba ya ga daga ranar ba mai lokacin zama, kowa gona, wanda ya dawo kuma barci. Don me zai bar abu mai tsada yana tsiyaya ba mai sha? Ya ɗaura wa kowace waya zare mai launi daban don kada ya manta raminta, ya zare su, ya naɗe kayan, ya zuba musu darbejiya kamar yadda yake yi wa wake, ya kai can ƙuryar rumbu ya ajiye sai kaka. Yau da safe ya ɗauko, ya mayar da kowace waya inda take, ya kunna. Abin da ya gani a fuskar talabijin shi ne rubutun Turanci da hoton kwaɗo a kulle. Turancin bai dame shi ba, amma kwaɗo kam ya san shi.

"Wata guda cur na saya a hannunka," in ji Dabo. "Yini ɗaya na taɓa. Ga kayanka yadda ka ba ni. Fito min da ragowar watana."

Abdussalam ya dubi robar, ya dubi ganyen, ya dubi Dabo. Ya tambaye shi a ina kayan suka yi damina. Da ya ji amsar, sai ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe a haka. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ga ko lafiya, ya same shi yana share hawaye da hular kansa.

"A rumbu," in ji shi da ƙyar. "Ka ajiye wata a rumbu."

"A ina kake so in ajiye shi? A aljihunka?"

"To ai an kalla maka, ubangida. Ɓerayen rumbunka ne suka kalla. Dama na ji an ce ɓerayen ƙauyenku yanzu ba ɗan ƙwallon da ba su san sunansa ba."

"Ɓeran da ya ci watana yana zaune a kan benci da hula. Murfin robar nan ko tururuwa ba ta ratsa shi."

Abdussalam ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi cewa watan nan ba a cikin akwatin yake ba, yana can wurin masu kamfani, kuma daga ranar da aka biya ya kama tafiya, ko ka kunna ko ka kashe. Dabo ya ce wannan maganar ko yaron goye ba zai yarda da ita ba. Shi dai ya san in ya sayi buhun masara ya kulle ɗaki, buhu zai tarar. In ya sayi kalanzir bai kunna fitila ba, kalanzir yana nan. Ta yaya za a ce abin da ya biya da guminsa ya ƙare, alhali ba wanda ya gani, ba wanda ya ji? Ya rantse har gaban dagaci zai kai maganar, kuma Gwaggo Hure, wato uwar Abdussalam, sai ta ji irin ɗan da ta haifa.

"Inna ta san da zamana, ita ta ce in riƙa yi maka a hankali don kanka tun a tsumma yake da tauri. Bari in tambaye ka. In ka ɗauki ɗan ƙwadago na yini, ka zaunar da shi a gindin ɗorawa, kai kuma ka tafi ɗaurin aure, da yamma za ka biya shi ko ba za ka biya ba?"

Dabo ya san amsar, don an taɓa yi masa.

"Sai in biya. Amma sai na zage shi."

"To zagi akwatin. Ga shi nan."

Dabo ya ja kujerar roba ya zauna, ba don ya yarda ba, a cewarsa, sai don ƙafarsa. Ya ce to, a matsayinsa na ubangida, yana ba bawansa umarni ya zayyano masa yadda wannan fashin yake, daga farko har ƙarshe, don ya gargaɗi jama'a. Abdussalam ya gyara zama, dama nan ne gonarsa. Ya ce dikodar dish tana da kuɗin watanta, kuma hawa-hawa ne, in kana son manyan wasannin ƙwallo sai ka hau na sama. Akwatin intanet shi kuma data yake ci, ita ma ta wata ce, in watan ya cika ta tafi ko da saura. Sannan in kana so a haɗa su su zama abu ɗaya, yadda tashoshin dish za su riƙa fitowa ta cikin akwatin, akwai wani ɗan ƙari da ake ɗorawa, shi ma duk wata.

Dabo ba ya gane kuɗi sai an juya masa su zuwa abin da yake da rai. Ya sa aka auna masa da kaji. Da lissafin ya fito, sai ya ga ashe duk wata sai ya kama manyan zakaru ya miƙa wa mutanen da ko gaisuwa ba su taɓa aiko masa ba, kafin shekara ta zagayo kuwa akurkinsa ya zama kango.

"Wato baki uku zan riƙa ciyarwa. Na dish ya ci, na akwati ya ci, sannan in biya ladan gabatar da su ga juna. Ko ɗaurin aure sau ɗaya ake ba da goro."

"Haka masu birni suke yi, ba wanda ya mutu."

"Masu birni suna da wata. Ni manomi ne, ba ni da wata, shekara gare ni. Wanda gwamnati take tunawa da shi duk ƙarshen wata, shi aka yi wa wannan abin. Ni sau ɗaya Allah yake biyana, da kaka. Kai kanka sau nawa nake ba ka shara?"

"Sau ɗaya, kuma ko kuɗin ƙosai ba ta kaiwa. Dama ina so in gaya maka, daga bana ni ma na koma biyan wata."

"Za ka ga wata. Tsintsiyar da kake zuwa da ita ko kaza ba ta kora."

Suka yi ta yi. Dabo ya ce tun da aka haifi Abdussalam bai taɓa riƙe fartanya ta minti biyar ba tare da ya tuna yana da ciwon baya ba. Abdussalam ya ce shi kuwa Dabo ranar da ya fara ganin rimot, sallama ya yi masa. Dabo ya ce 'ya'yan mace duk haka suke, a ci a gidan kawu a koma a yi gulma. Abdussalam ya ce da ba don 'ya'yan mace ba, da 'ya'yan namiji har yau suna ajiye rana a cikin tulu don amfanin dare. Mai shayi dai ya bar tukunyarsa tana tafasa, ya jingina da ƙyaure yana sauraro.

Can Abdussalam ya ce to magana ta ƙare, ya kawo kuɗi a sabunta masa. A nan ne muryar Dabo ta ɗan sauka. Bai zo da ko sisi ba, don ya fito ne da tabbacin cewa watansa zai karɓa ya koma. Kuɗi kuwa babu su a gida, suna cikin ɓawon gyaɗa. Kuma duk wanda ya san noma ya san sayar da gyaɗa a tsakiyar kaka, lokacin da kowa yake kaiwa kasuwa, zubar da gumi ne. Abdussalam ya ce ai abin da sauƙi, ya mayar da kayan cikin darbejiyarsu, in gyaɗa ta yi daraja nan gaba ya dawo. Gaggawar me yake yi? Talabijin ba ta guduwa.

Dabo ya ɗauki ganye ɗaya daga cikin robar yana murzawa har ya zama gari. Mai shayi ya ga ya kamata ya koma wurin tukunyarsa.

"Jiya gida-gida na bi," in ji Dabo, idonsa a ƙasa. "Na gaya wa dattawa yau bayan la'asar su dawo zaure, na kawo abin da ya fi na Hashimu. Na sayi sukari da ganyen shayi. Malam Ikrima har ya ce min dama ƙafarsa ta gaji da zuwa bakin hanya." Ya kakkaɓe hannunsa. "Zauren Malam ne, Abdussalam. A hannun ubana bai mutu ba. Ba na so a ce a hannuna ya mutu."

Rabon da Dabo ya kira shi da sunansa na yanka, Abdussalam ba zai iya tunawa ba. Maganar ta soke shi, don shi ma a zauren nan ya yi rarrafe, a nan Malam yake ɗora shi a cinya ya ba shi dabino a ɓoye, yana cewa kada ya gaya wa 'ya'yan namiji. Tausayin ɗan'uwansa ya kama shi. Amma ya san in ya bari tausayin ya fito fili, Dabo zai naɗe kayansa ya hau babur, ba zai sake tayar da maganar ba har abada. Saboda haka ya tsuke fuska.

"Wato ka gayyaci gari walima, tukunyar kuma tana rumbu ɓeraye sun sha romon. To ni dai gaya min, tsofaffin naku me suke kallo a wurin Hashimu?"

Tambayar ta dawo wa Dabo da ƙarfinsa, don a kan wannan yana da abin cewa. Ya ce kallon me? Yana wucewa yana ganinsu. Samari sun cika gaba suna ihu, dattawa suna can baya a kan buhunan gishiri, rabinsu gyangyaɗi suke yi. Malam Ikrima har yau bai san dalilin da ya sa mutum ashirin da biyu suke bin ƙwallo ɗaya ba. Da an kira magariba su tashi, ba wanda ya yi hira da wani. Abin da dattawan ƙauyensu suke so ya san shi kamar yunwar cikinsa: dambe da kokawa, su ji kalangu yana tashi, sai tafsirin malaman da suka saba ji tun suna samari, sai labarai, sai kuma a nuna musu Ka'aba su yi ta cewa Allah ya kai mu.

Yana cikin lissafawa sai ya tsaya. Ya tambayi Abdussalam, Ka'aba da labarai ba suna cikin tashoshin kyauta na tsohuwar risibarsa ba? Abdussalam ya ce suna nan. Dambe da tafsirin fa, a dikodar biya suke? Abdussalam ya ce a'a, waɗannan a intanet suke jibge, ta akwati ake kamo su, na bana da na shekarun baya, sai wanda ka zaɓa.

Dabo ya miƙe tsaye. Ya ɗauki dikodar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya tura ta gaban Abdussalam.

"To wannan ta mene ce? Ƙwallo na ce maka ina so? Hashimu ya riƙe ƙwallonsa da samarinsa da ihunsu, Allah ya ba shi haƙuri. Ni dish ɗina na kyauta yana nan, akwati yana nan. Baki ɗaya zan ciyar. Na biyun na sallame shi, ladan haɗin ma ya bi shi."

"Da ka zo saye ai cewa ka yi in ba ka duk abin da Hashimu yake da shi, har da wanda ba shi da shi."

"Kai kuma da yake ɗan mace ne, ka ga ubangidanka zai faɗa rami ka riƙe masa hula."

Bai tsaya nan ba. Ya tambaya, in damina ta zo ya ƙi biya, kama shi za a yi? Abdussalam ya ce ba mai kama shi, ai ba aure aka ɗaura ba, ranar da ya ga dama ya tsaya, ranar da ya ga dama ya ci gaba. Dabo ya buga cinya. Ya ce ashe dai tun farko shi ne mai gaskiya: daga kaka zuwa ruwan shuka a kalla, da an yi ruwa a naɗe a kai rumbu. Kuskurensa ɗaya ne tak, ya biya kafin ya ajiye, maimakon ya ajiye kafin ya biya. Ya ce a rubuta wannan a manna a ƙofar shago don amfanin manoma, kuma a sa sunansa a ƙasa.

Saura yadda za a yi da biyan wata ga mutumin da ba shi da wata. Abdussalam ya ce ya kawo masa buhun gyaɗa guda ya jingine a bayan shago. Shi zai riƙa biyan datar duk wata daga cinikinsa, in gyaɗa ta yi daraja su sayar, ya cire nasa, ragowar ta koma wa mai ita. Dabo ya biya da shekararsa, kamfani ya karɓa da watansa, kowa ya zauna lafiya.

"In ba ka ajiyar gyaɗa? Kai da tun muna yara Gwaggo ba ta barinka kusa da kaskon suya?"

"Gara ni, in na ci zan yi maka godiya. Ɓerayenka da suka cinye wata guda, ko sannu sun ce maka?"

Dabo ya yi kamar yana nazari, alhali ya riga ya ga dabarar ta yi. Ya ce zai duba, amma buhun sai ya ɗinke bakinsa da hannunsa, kuma ya san irin ɗinkinsa. Sai dai duk wannan maganar gobe ce. Yau fa? Gyaɗar tana kan daɓe ko sussuka ba a gama ba, la'asar kuwa ba ta jiran kowa.

Abdussalam ya juyo masa da fuskar wayarsa. Tun lokacin da Dabo yake surutun manna sunansa a ƙofa, babban yatsansa yake aiki a ƙarƙashin tebur. Ya riga ya zuba wa akwatin datar wata guda.

Fuskar Dabo ta canza. Wannan kam ba zai haɗiye ta ba. Ya ce tun da aka kafa gidansu ba a taɓa jin ɗan mace ya ba ɗan namiji ba, hannun ubangida a sama yake. In labari ya kai ƙauye cewa bawansa ne ya biya masa kallo, gara ya je ya gaya wa dattawa an fasa. Ya ce Abdussalam ya mayar da abinsa inda ya ɗauko.

"Ba a mayarwa. Kuma wa ya ce kai na ba? Kai wa? Zauren kakana na biya wa." Abdussalam ya miƙe, ya zura hannu bayan ƙyaure ya ɗauko tsintsiyar shagon, sabuwa mai kauri, ba irin tsinkayen Cika-ciki ba. "Kai ka gaji bangon, ni na gaji tsintsiyar. Tashi mu je masallaci, in an sauko ka kai ni in ga aikina."

Bayan an idar da Juma'a suka kama hanya, Dabo yana tuƙi, Abdussalam a baya rungume da roba, tsintsiya a hammata. Suka ratsa gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye, suna tafe suna musu a kan wanda ya fi wani nauyi. Abdussalam ya ce babur ɗin tun zamanin Malam yake neman hutu. Dabo ya ce in bai yi shiru ba zai sauke shi ya ƙarasa a ƙafa, kamar yadda ya dace da matsayinsa.

A zaure Abdussalam ya naɗe hannun riga. Ya haɗa akwatin, ya rataye ɗan abin da ke kamo wa akwatin sabis ɗin intanet a jikin azara ta wajen taga, sannan ya kama shara ta gaske, lungu-lungu. Da ya kai kusurwar da aka jingine tabarmi, ya tarar da su a naɗe, yanar gizo-gizo ta ɗinke su, ta ƙasan ma gara ta fara ci. Abin da yake shimfiɗe a duk faɗin zauren nan buzu ɗaya ne, tsohon buzun Malam, da shatin gindin buta a gefensa. Ya tsaya yana kallon wurin. Sai yanzu ya san tsawon zaman da ɗan'uwansa ya yi shi kaɗai. Ya fitar da tabarmin waje ya kakkaɓe su da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata, ya dawo ya shimfiɗa su har bakin ƙofa.

Ana sallame la'asar ya kunna, ya nemo wani dambe, ya ƙure murya. Kalangu ya tashi ya fita ta taga. Dabo yana zaune a kan buzu yana fifita gawayin shayi, wai shi bai damu ba, amma duk motsin da aka yi a waje sai ya ɗaga kai. Ƙarar sanda aka fara ji. Malam Ikrima ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, idonsa a kan talabijin tun bai zauna ba, yana tambayar wane ne wannan mai jan warki. Bayansa wasu biyu suka shigo, sai wasu. Kafin shayi ya nuna, an fara cewa a matsa, wani tsoho kuma ya tashi tsaye yana nuna yadda shi yake kai hannu a zamaninsa.

Dabo ya sulale ya shiga cikin gida. Ya fito da jan zakaransa, wanda ya fi kowanne girma a akurkin, ƙafafu a ɗaure. Ya sami Abdussalam a bakin ƙofa, a tsaye cikin tarin takalman mutane, don wuri ya ƙare. Ya danna masa zakaran a ƙirji.

"Ungo shararka."

"Cika-ciki ai ya wuce tun da damina."

"Wancan na tsinkaye ne. Yau ka fara shara tun da aka haife ka." Dabo ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. "Na yarda, wata ba gero ba ne. Amma in ka gaya wa Gwaggo zancen darbejiya, sai na karɓe zakarana."

"Inna kam ta ji, tun kafin mu taso na buga mata waya. Cewa ta yi in tambaye ka ko akwai sauran azumin bara a rumbun, tana da ramuwa."

Dabo ya girgiza kai, ya koma ciki yana tsallake ƙafafun mutane. Ya zauna a kan buzun Malam, wanda tun da ya gaji gidan ba wanda ya taɓa hawa sai shi. Ya dubi bakin ƙofa, sannan ya muskuta gefe guda, ya bar rabi.

"Kai bawa," in ji shi. "Zo ka zauna nan, kana tsare wa mutane hanya."